Dama mu launi ruwa muke ce mashi

Kawu ya karɓi ƴar takardar, ya miƙa ta can nesa da fuskarshi don idon ya fara gajiya, ya duba ya sake dubawa, sai ya ce "ke ɗiyata, duk huren da Allah ya halitta cikin duniyar ga ki rasa wanda za ki zana sai maƙiyina?"

Ƙuduji ne na zana. Wallahi ni ko a raina, na dai tsinko shi a gefen gonarshi ta hanyar Tsibiri lokacin kaka, na ga fure ne mai kyau ruwan hoda mai ɗan duhu, a jere jikin kara ɗaya kamar an yi mashi kitso, na tsoma shi a kofin shayi na zauna wajen awa guda ina fama. Shi kuwa Kawu abin da ya gani hatsinshi ne da ya tsugune bai yi zangarniya ba. Ƙuduji saiwarshi yake liƙawa jikin saiwar hatsi ko dawa ya tsotse ta tun a ƙarƙashin ƙasa, kafin ki ga furen nan ya riga ya gama ɓarna, kuma gindi ɗaya iri dubbai yake zubarwa, irin ya kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran a shuka mashi abinci. Amma dai kallo ɗaya ya yi ya gane shi, ni kuma abin da ya faranta min rai ke nan. Ya ce "shi ne, har kaushin ganyen, Allah wadaran shi," ya ninke takardar biyu (raina ya ce wayyo) ya jefa aljihu.

Ni malamar lakwal ce, shekara 14 ina riƙe da alli, kuma iyakar zanen da na iya a da shi ne na allo, taswirar Nijar, kifi, sai zuciya da jijiyoyinta in darasin ya zo. Abin ya faro ne cikin wani bakans, yara sun watse, ruwa ya kwana yana zuba ya hana fita, ina gyaran ɗaki na ci karo da ƴar buwat ɗin fentin autana da aka sa mu saya farkon shekara ba a ko buɗe ta ba, irin mai kala 12 zagaye-zagaye kamar alawa, da buroshi guda mai zubar da gashi tun ba a taɓa shi ba. Na ɗebo ruwa a murfin kwalba na zana ganyen bedin tsakar gidanmu. Bai yi kama da ganyen bedi ba, bai ma yi kama da ganyen komai ba, amma da na ɗaga kai an kira la'asar ban ji ba.

Irin wannan zanen shi Faransawa ke kira akwarel, mu a gida fentin ruwa muke cewa. Launin a bushe yake, ki jiƙa buroshi ki shafa ya narke ki kai takarda. Siriri ne ƙwarai, takarda na leƙowa ta ƙarƙashinshi, shi ya sa ba a sa farin fenti, farin takardar shi ne farinki, in kin rufe shi ya tafi. Kuma daga mai haske ake farawa a gangara zuwa mai duhu, don duhu in ya zauna ba ya tashi da arziki.

Wata 3 na yi ina zagin hannuna, ashe laifin takarda ne. Takardar fotokofi nake sa wa ruwa, mai giram 80, da ta ji danshi sai ta kumbure ta lanƙwashe kamar fatar da aka shanya a rana, fenti ya taru a kwari ya bushe da baƙin baki. Na ƙona mega ba adadi a YouTube kafin na fahimci takardar aikin daban take, mai giram 300 ce, kaurinta ya kusa na kwali, mai kyan ma da auduga zalla ake yin ta kuma an ba ta wani abu kamar sitati don kar ta shanye ruwa nan take. Ƙanwata da ke aure a Yamai ita ta yi min yawon nema har ta samo falle 2 na Arches, wata masana'anta ce a Faransa da ke yin takarda tun 1492, ta naɗo su cikin kwali ta ba motar safe. Da ta faɗa min kuɗin sai da na yi salati, falle ɗaya zai auno hatsi tiya nawa. To a nan ne asalin ƙananan zanena, ba wata fasaha ba ce, talauci ne. Fallen santimita 56 ne a 76, in kika ninka shi biyu sau 5 kina yagawa zai ba ki gutsure 32, kowane 14 a 9 da rabi, ɗan daidai tafin hannu da yatsu. Falle ɗaya zanen wata guda ke nan, in kuma an ɓata a juya baya. Daga baya na ga ƙaramin ma shi ya dace da ni, tsakanin sauke tukunya da gyaran kaye 60 na ƴan aji ina zan samu yinin da zan ba babban zane? Minti 20 ko 30 na gama, in ya lalace ban yi asarar da za ta hana ni barci ba.

Wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da na shiga wannan sha'ani, mu Hausawa in kika cire fari da baƙi da ja da shuɗi da kore da rawaya, kusan duk sauran launi ruwa muke ce mashi. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan ƙwai, ruwan makuba, har da na zamani ruwan omo da ruwan siminti. Ki tsaya minti 5 a layin masu atamfa cikin babbar kasuwa ranar Litinin ki ji mata na ciniki, za ki ji sun fi haka. Kamar wanda ya fara raɗa sunayen jiƙa abin ya yi cikin ƙwarya ya tsaya yana kallon ruwan da ya fito. Kuma aikin ke nan gaba ɗaya. Ja ɗaya ne a buwat, ki cika mashi ruwa ya koma ruwan hoda, ki rage ruwan ki ɗiga mashi shuɗi kaɗan ya koma ruwan hanta. Sunayen da ke jikin fentin na Turawa ban iya riƙe su ba, sai na yanki takarda na shafa kowane na rubuta mashi sunanshi na gida a ƙasa, yanzu in ina aiki da Hausa nake tunani, nan ruwan goro ne amma goron da aka tauna aka tofar, ba sabo ba.

Furen kuɓewa shi ya koya min cewa ban san rawaya ba. Duk rayuwata ina tsinkar kuɓewa a bayan ɗaki, da an tambaye ni sai in ce furenta ruwan ɗorawa ne, ashe ko kusa, ya fi kama da man shanu sabon kaɗi, fari-fari mai ɗan rawaya, can cikin maƙogwaronshi kuma ruwan hanta mai duhu kamar an ɗiga jini. Na yakuwa ma haka yake, da na rama da na auduga, dangi ɗaya ne. Da safe yake buɗewa, kafin yamma ya naɗe ya yi yaushi, gobe wani ne zai fito ba shi ba, don haka ba a ce mashi bari in gama wanki. Yadda nake yi, in shimfiɗa rawayar siririya a kunnen furen, in jira ƙyallin ruwan ya fara mutuwa amma takardar ba ta bushe ba, sannan in taɓa bakin buroshi mai ruwan hanta a gindin. Sai launin ya bi danshin ya hau da kanshi a hankali kamar yadda yake a furen gaskiya, ni dai kallo nawa. In kika yi gaggawa jan ya mamaye furen duka, in kika makara ya tsaya wuri ɗaya kamar tabon biro, in kuma buroshin ya ɗauko ruwa fiye da wanda ke takardar sai ruwan ya ture fentin gefe ya bar wani shaci mai baki cako-cako wanda ba ya gyaruwa.

To wannan ɗan tsakanin, na jiƙe da bushewa, shi ne duk rigimar, kuma a Maradi ba agogo ke yanke shi ba, yanayi ne. Matan da nake kallo a salula suna ƙasashen sanyi, za ki ga ta jiƙa takarda ta tsaya tana surutu tana kurɓar shayi har yanzu takardar na ƙyalli. Ni ranar da na gwada haka cikin Janairu, hunturu na busawa, kafin in ɗauraye buroshi in juyo takardar ta bushe ƙayau. Na ɗauka wani abu na yi ba daidai ba, na sake, haka. Iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ke shanye ruwan. Dabarar da na samu ita ce in jiƙa takardar gaba da baya in manna ta jikin wani guntun karo na daɓe da ya rage lokacin gyaran ɗaki, in rufe taga, in kashe fanka, kuma in yi aikin bayan sallar asuba kafin iska ta tashi. Duk da haka ƙura sai ta samu hanya, akwai wani zanen furen tumfafiya da na yi in kika shafa shi za ki ji yashi. Afrilu kuwa, da zafi ya haura 40, gumi ne abokin gaba, ɗigo ɗaya daga haɓa ya faɗa tsakiyar zane shi ke nan, ga ƙwayoyin fentin suna tsagewa a buwat kamar ƙasar tabki. Sai Agusta abin ya juye, ki shafa ki je ki dama fura ki dawo bai bushe ba, takarda ta yi laɓo-laɓo, har hunhuna na taɓa samu a kan koren. Lokacin da na fi so ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwa ya ɗauke, ɗari bai sauka ba, kuma lokacin ne ma daji ke cike da fure, na wake, na riɗi, na yaɗiya. Wani abin kuma, kowane lokaci ne, fentin in ya bushe sai ya yi haske fiye da yadda kika gan shi a jiƙe, don haka in ya yi maki daidai yana jiƙe to bai isa ba.

Kasko nake zuba ruwan ɗauraya, kuma akwai wani jan gwada da ya mayar da shi wurin shan ruwanshi, ana cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, wannan albarkacin zane yake sha. Yanzu na ajiye mashi nashi daban don kar fenti ya kashe shi a ce ni ce.

Ranar da na fi dariya ita ce ranar da ƙanwar tawa ta aiko min fenti na gaske, ƴar buwat ta Winsor & Newton, kamfanin Ingila ne tun 1832. Na zauna ina karanta abin da ake haɗa irin wannan fenti da shi, garin launi, sai gom arabik da ke riƙe shi jikin takarda, sai gilisarin ko zuma don kar ya bushe ya zama dutse. Gom arabik fa ƙaro ne. Ƙaron nan dai na jikin dakwara da muke ɓantara muna tsotsa muna yara, wanda ake sa wa hula da shadda su yi ƙarfi. Daga wannan yankin namu ake kwasar shi, Sudan ce kan gaba sai Chadi da Najeriya, mu ma muna da shi, a kai Turai a dama da launi a zuba a ƴan ƙananan gidaje kamar ƙwayar Maggi a dawo mana da shi da tsada. Sai Baba ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙanshi, malamin allo ne, kuma tawadarshi da hannunshi yake yi, ya kankaro baƙin gindin tukunya ko ya daka gawayi ya tankaɗe, ya dafa da ƙaro, ya tace a tsumma ya ɗura a kurtu. In almajiri zai yi sauka a yi wa allonshi zayyana da ja da kore da rawaya, duk da ƙaro ake dama su, kuma duk ruwa ke wanke su. Ashe fentin ruwa a zaurenmu na tashi na gan shi, suna ne kawai ba a sa mashi na Faransanci ba.

Daga nan fa na shiga haɗa nawa. Ƙaro awo ɗaya, ruwan ɗumi awo biyu, ya kwana ya narke, in tace, in sa zuma ɗan cokali da ɗigon man kanumfari don kar ya yi tsami. Na fara da zoɓo don ina ganin ai ba abin da ya kai shi ja, ga yadda yake kama farin mayafi. A buroshi ja ne jawur, yana sauka takarda ya fara juyewa, kafin ya bushe ya koma wani shuɗi-shuɗi mai toka kamar tsohon rauni. Launin zoɓo tsami yake bi, in ya ji lemun tsami ya yi ja, in ya ji kanwa ya yi kore-kore, takarda kuma yawanci akwai alli a jikinta. Ko kin lallashe shi ya tsaya, ki ajiye kusa da taga ƴan makonni ya kuɗe. Kurkur ma haka, kwana kaɗan yana haske kamar zinariya sannan ya gudu. Wanda bai ba ni kunya ba ƙasa ce. Jar ƙasa na ɗebo, na dama a bokiti na bar yashin ya kwanta, na tsiyaye ruwan saman a wani kwano ya kwana, laushin da ya zauna a ƙasa na shanya na niƙa da ƙaro a kan karo da gindin kwalba. Ruwan ƙasa mai kyau ya ba ni, kuma rana ba ta cin shi, dama na Turawan ma da yawa ƙasa ce, akwai wanda sunan garin Siyena na Italiya yake ɗauke da shi. Sai bula ta wanki. Shuɗin da ke cikinta a da daga wani dutse mai tsada na Afganistan ake niƙo irinshi, sai wajen 1828 wani Bafaranshe Guimet ya gano yadda ake dafa shi a masana'anta ya yi arha har ya shigo bahon wankinmu. Na dama ta da ƙaro, ba ta kai na kanti santsi ba amma sararin samaniya da ita nake yi.

Tsuntsaye ban fara su da wuri ba, kuma kowa a garin nan ya san dalili. Ranar da maigidana ya ga na fara zana kurciya ya ce "anya kuwa? mai rai ce fa." Ban yi gardama ba, na bari sai da na je islamiyya ranar Asabar na ce Allah gafarta Malam ga abin da nake yi. Ya kawo min hadisin mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da zane yake ci, aka ce mashi in ba makawa to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ya ce don haka fure da ganye ba magana. Mai rai kuwa malamai sun saɓa, akwai masu hanawa gaba ɗaya, a Malikiyya kuma abin da aka haramta shi ne mai jiki mai inuwa irin gunki, na kan takarda bai kai can ba duk da barin shi ya fi a wurinsu. Ni ba fatawa nake ba kowa ba. Abin da na tsayar wa kaina, furanni su nake maƙalawa a bango, tsuntsaye suna cikin gwangwanin biskit, kuma yayar maigidana da ba ta yarda da abin ba ko kaɗan ba na fito mata da su, muna zaman lafiya.

Belbela na fara yi da gaske. Mukan sauka gulbi da yara in ruwa ya janye, can fadamar da tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a hauro tudu, shanu na kiwo belbelu na bin ƙafarsu suna cafke farar da suka tayar, ci da motsin wani. To yaya za ki zana farin tsuntsu a farar takarda ba farin fenti? Ba ita ake zanawa ba, ciyawar bayanta ake zanawa, ki zagaye ta da kore a hankali ki bar gurbinta, sai ki ga ta fito. Sannan ɗan shuɗi mai ruwa sosai a ƙarƙashin ciki da fiffike, rawaya a baki. Na ɓata gutsure 6 kafin in daina cinye mata wuya. Zabuwa kuma ita ce ta gwada min haƙuri, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma ki zauna ki ce za ki bar farin ɗigo ɗari ba ki taɓa ba, ai sai ido ya juye. Ƙarshe ruwan toka na shafa ya bushe na bi da tsinin reza ina ƙwarzanar ɗigon ɗaya-ɗaya.

Sai shamuwa, wadda ita ce ta cinye min rabin falle. Akwai tsamiya a gidan maƙwabtanmu, duk shekara wajen watan Mayu sai su sauka su gyara sheƙarsu, tsofaffi su ce to a fiddo iri ruwa ya kusa, kuma ba yaron da ke harbinta da danƙo, ko ya ɗaga sai an kwaɓe shi. Nan take ƙwai ta ƙyanƙyashe, ta yi ta cin fara da tsutsa damina duka, ruwa na ɗaukewa ta nufi kudancin Afirka. Tun ina goye nake ganinta, kuma da za a sa ni rantsuwa sai in ce baƙa ce mai farin ciki, shi ke nan. Na shafa baƙi na bar fari, abin ya fito kamar hankaka mai dogayen ƙafa. Sai na ɗauki kujera ƴar tsugune na zauna gindin katanga da safe, kwana da kwanaki, har matar gidan ta leƙo ta ce "Malama lafiya, ko wani abu ya faɗa maki?" Ashe bayanta ba baƙi ba ne, in rana ta buge shi wani ruwan makuba ne ke gilmawa da kore, kamar shadda baƙa da ta sha bugu. Fuskarta shuɗiya ce a lokacin sheƙa, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafar ruwan toka ce amma gwiwa da yatsu ja-ja kamar ta taka lalle. Baƙin buwat kuwa shi ke kashe zanen, a mace yake. Sai na koyi haɗa nawa baƙin, shuɗi da jar ƙasata, in bar su ba su gama garwaya ba, wani wuri shuɗin ya rinjaya wani wuri ƙasar, in ɗiga kore tun da danshi. Wahalar ita ce ba ta tsayawa, kafin ki kalli takarda ki ɗago ta juya baya. Hoto a salula yana taimako wajen siffa amma ƙyallin nan ba ya kamawa, duk baƙi yake mayar da shi. Don haka da kiriyo nake kama tsayuwarta cikin ƴan daƙiƙu, layi 5 ko 6, launin kuma in riƙe a kai in shiga ɗaki.

Na 11 shi ne ya yi. Ranar wata Alhamis ce cikin Yuli, hadari ya haɗo bai zuba ba, iska da ɗan danshi daidai yadda fentin ke so, komai ya zauna inda na ce, har jan gwiwar. Maigida da kanshi ya tsaya ya ce "kai, wannan kamar ta tashi." Na ɗora shi a kan turmi ya ƙarasa bushewa na shiga kwashe tuwo.

Muna da jar akuya, irin tamu ta Maradi da ake yabon fatarta har Turai. Tururuwa da kyankyaso na riga na san suna son fentin saboda zuma da ƙaro, kullum a rufe nake ajiye shi, amma ita ban taɓa sa ta a lissafi ba. Ina fitowa na tarar ta tsinke igiya tana tsaye gaban turmi tana tauna a natse, auduga da ƙaro da zuma, ai ita walima ta samu. Abin da na ƙwato daga bakinta kusurwa ɗaya ce, ƙafa guda da rabin jela. Autana ya yi ta dariya har da faɗuwa, ni kuwa sai da na zauna a kan turmin.

Na sake gwadawa sau 3 kafin su tashi, ko ɗaya bai kama ƙafar wancan ba. Gutsure 9 suka rage min a gwangwani, na ware 4 na rubuta Mayu a bayansu, akuyar kuma an sake mata igiya ta nailan.